Aikin Yau da Kullum a Majalisar Dattawan Ingila ta Dā

Sa'ad da ake koya mana tarihi, yawanci labarin yaƙi da na sarakuna ake ba mu, wane ya ci wane, wane ya gāji wane. Amma ƙasa ba kullum take yaƙi ba. Yawancin kwanakinta na rabon gādo ne, da gyaran hanya, da raba gardama a kan iyakar gona. Domin haka ina so mu leƙa cikin wata tsohuwar majalisa, wato Majalisar Dattawan Ingila mai zama a Westminista cikin birnin Landan, mu ga abin da take yi a ranar da ba wani babban abu da ya faru.

Muna iya sanin wannan gama tun shekara ta 1510 akawunan majalisar suke rubuta aikin kowace rana cikin littafi. A ran 16 ga Oktoba 1834 gobara ta cinye ginin majalisa, yawancin takardun Majalisar Wakilai suka ƙone. Na dattawa kuwa suka tsira, domin an ajiye da yawa daga cikinsu a wata hasumiyar dutse da wutar ba ta kai ba, waɗansu kuma aka jefo su ta taga. Suna nan har wa yau.

Su wane ne dattawan?

Majalisar dokokin Ingila ɗaki biyu ce. Akwai ta wakilai, waɗanda ake zaɓe, akwai kuma ta dattawa, waɗanda talakawa ba su da hannu cikin naɗinsu. Kada kalmar dattawa ta ruɗe mu, gama ba furfura ce take kai mutum can ba. A dā saurayi mai shekara 21 yana iya zama a ciki idan ubansa ya rasu ya bar masa sarautar gidansu. Ban da masu sarautar gādo, akwai bishop 26 na Ikkilisiyar Ingila. Da aka haɗa Ingila da Sikotilan a 1707 sai aka ƙara mutum 16 daga masu sarautar can, a 1801 kuma aka ƙara 28 daga Ailan.

A wancan zamani mai shugabantar zama shi ne Babban Cansila, wanda yake kuma kan gaba cikin alƙalan ƙasar. Mazauninsa wata babbar matashiya ce da aka cika da gashin tumaki, domin tunawa cewa da cinikin ulu ne Ingila ta fara arziki. Kowace rana da addu'a ake buɗewa, ɗaya daga cikin bishop-bishop ɗin ne yake karantawa. Akawu ya rubuta kwanan wata da Latin, ya jera sunayen waɗanda suka zo, sa'an nan a shiga aiki. Ba lalle ba ne ɗakin ya cika. Mutum uku sun isa a ce majalisa ta zauna, kuma har zuwa 1868 wanda bai zo ba yana iya ba ɗan'uwansa izini ya jefa ƙuri'a a madadinsa.

Yadda ake yin doka

Kowane shirin doka sai an karanta shi sau uku. A karatu na fari ana sanar da shi ne kawai. A na biyu a yi muhawara a kan gindin maganar. Daga nan a miƙa shi ga kwamiti su bi shi layi layi, su gyara, su komo da shi a yi karatu na uku. In za a yanke shawara, kowa ya ce ya gamsu ko bai gamsu ba. Idan majalisun biyu suka yarda, sai a nemi amincewar sarki, akawu ya faɗe ta da tsohon Faransanci na zamanin da Normandawa suka ci Ingila a 1066, ma'anarta sarki ya so haka. Maganar haraji kaɗai ce dattawa ba su da ta cewa sosai, gama a 1671 da 1678 wakilai suka tsaya kai da fata cewa dattawa ba za su taɓa dokar kuɗi ba.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, a ƙarni na 18 da yawa daga cikin dokokin nan ba na dukan ƙasa ba ne. Na mutum ɗaya ne, ko gida ɗaya, ko ƙauye ɗaya. Ga misali, mai gida ya mutu ya bar bashi, ya kuma bar wasiyya da ta hana a sayar da gonakinsa. 'Ya'yansa ba su da hanyar biyan bashin sai sun kawo takardar koke majalisa a yi musu doka ta musamman. Irin wannan koke akan ba alƙalai biyu su duba tukuna, kwamiti kuma ya kira dukan masu hakki, gwauruwa da marayu da masu bin bashi, a tabbata sun yarda kafin a ci gaba. A nan jinkirin majalisa ya yi amfani, gama ya hana babban wa ya cinye rabon ƙannensa a ɓoye.

Baƙo ma da yake so ya zama ɗan ƙasa, ta wannan ƙofa yake shiga. Handel, Bajamushen nan da ya tsara waƙoƙin Almasihu waɗanda mawaƙan ikkilisiya suke rerawa har yanzu, da dokar majalisa ya zama ɗan Ingila a watan Fabrairu 1727. Haka kuma masu son gina hanya su riƙa karɓar kuɗi, da masu haƙa magudanar jiragen ruwa, da masu son shinge filayen da jama'ar ƙauye suke kiwo da noma tare. Tsakanin 1604 da 1914 an yi dokokin shinge fiye da 5,200, suka shafi eka kusan miliyan 7. Masu manyan gonaki suka ƙaru, amma talakan da ba shi da takardar shaida sau da yawa ya rasa inda saniyarsa za ta ci ciyawa. Layi biyu ne a littafin akawu, amma a ƙauye rayuwar gidaje ce ta juya.

Kashe aure

Kafin 1857 ba kotun da take da ikon kashe aure a Ingila har mutum ya sāke yin wani. Kotun ikkilisiya tana iya raba miji da mata su zauna dabam, amma igiyar tana nan. Wanda yake so a tsinke ta sai ya bi matakai uku. Da fari ya kai kwarton ƙara a kotun ƙasa ya nemi diyya. Na biyu ya sami rabuwa daga kotun ikkilisiya. Na uku ya kawo koke gaban dattawa, a kira bayin gida da masu masauki su ba da shaida a bainar majalisa, kāna a yi doka mai ɗauke da sunansa. Da ruwan ciki akan ja na rijiya, kuɗin wannan tafiya kuwa ya fi ƙarfin talaka nesa. Daga 1700 zuwa 1857 irin dokokin nan 300 ne da 'yan kai, cikinsu kuma huɗu kaɗai aka yi bisa ga roƙon mace. Ta farkon ita ce Jane Addison a 1801, wadda mijinta ya yi zina da 'yar'uwarta ta ciki ɗaya. Zinar miji kaɗai ba ta isa a saurari mace ba, sai an haɗa da wani abin ƙyama irin wannan. Dokar 1857 ce ta ɗauke wannan aiki daga majalisa ta ba wata sabuwar kotu.

Jinkirin da ya ci rayuka

A watan Afrilu 1792, bayan ƙoƙarin William Wilberforce da abokansa, Majalisar Wakilai ta yarda a daina cinikin bayi sannu a hankali, aka sa 1796 ta zama ƙarshe. Da maganar ta iso gaban dattawa, ba su ce a'a ba. Sai suka ce, bisa ga al'adarsu, dole su ji shaidu da kunnensu a gaban dukan majalisa. Ɗan sarki, wanda daga baya ya zama William na Huɗu, yana cikin masu kāre cinikin. Aka ji shaidu kaɗan, lokacin hutu ya zo, aka ɗage zuwa baɗi. Baɗi kuma yaƙi ya tashi da Faransa, maganar ta shiririce. Sai a 1807, sa'ad da firayim minista Grenville ya kawo shirin dokar da kansa gaban dattawa, aka zartar, sarki ya amince a ran 25 ga Maris. Cikin shekara 15 ɗin nan jiragen Ingila suka kwashe dubban ɗaruruwan mutane daga gaɓar Afirka zuwa ƙetaren teku. Mukan ce sannu ba ta hana zuwa. Gaskiya ne, amma waɗanda aka loda cikin jirgi a 1793 ba su ga zuwan ba. Ka'idar jin shaidu da ta tsare gādon maraya, ita ce aka mai da ita mayafin ƙin gaskiya.

Majalisa a matsayin kotu

Dattawan nan su ne kuma kotun ƙarshe ta ƙasar. Idan ɗayansu ya yi babban laifi, 'yan'uwansa ne suke yi masa shari'a. A 1760 suka sami Ferrers, mai sarautar gādo, da laifin harbe wakilin gidansa, aka rataye shi a gaban jama'a kamar kowa. Shari'ar Warren Hastings, tsohon gwamnan Turawa a Indiya, ta ɗauki shekara bakwai, daga 1788 zuwa 1795, a ƙarshe aka sallame shi. Amma waɗannan jefi-jefi ne. Aikin kullum shi ne ɗaukaka ƙara a kan gona, da wasiyya, da bashi, da yawa kuma daga Sikotilan suke zuwa. Mai ƙara ya kawo takarda, a ba abokin shari'arsa wa'adin amsawa, a sa rana, lauyoyi su tsaya bayan shingen ɗakin su yi magana.

Aibin tsarin shi ne, kowane dattijo yana da ƙuri'a ko da bai taɓa buɗe littafin shari'a ba. Sa'ad da ƙararraki suka taru a farkon ƙarni na 19, sai aka riƙa juya dattawa bi da bi su zauna kusa da Babban Cansila domin a cika mutum uku, har wanda ya ji farkon magana ba shi ne yake jin ƙarshenta ba. Gyara ya zo a 1844, cikin shari'ar Daniel O'Connell, shugaban Katolikan Ailan da aka ɗaure saboda taron siyasa. Masana shari'a biyar suka saurari ƙararsa, uku suka ce a sake shi, biyu suka ƙi. Waɗansu dattawa masu ƙinsa suka so su sa ƙuri'a su rinjayi ukun, amma aka roƙe su su janye domin mutuncin majalisa. Suka janye, aka saki O'Connell. Daga nan ya zama al'ada a bar shari'a ga masu saninta, a 1876 kuma aka yi doka ta naɗa ƙwararrun alƙalai masu albashi su zauna a majalisar domin wannan aiki.

Cikin ƙararrakin da alƙalan nan suka ji, akwai wata ƙarama da ta zama babba. A watan Agusta 1928, a garin Paisley na Sikotilan, aka saya wa wata mace mai suna May Donoghue kwalbar lemun citta. Kwalbar ba a ganin cikinta. Ta ce bayan ta sha rabi sai ruɓaɓɓiyar katantanwa ta fito, ta kuwa yi ciwo. Ba ita ta biya kuɗin ba, saboda haka ba ciniki tsakaninta da kowa, kotun Sikotilan kuma ta ce ba ta da bakin ƙarar mai kamfanin. Ta ɗaukaka ƙara a matsayin matalauciya, ta rantse dukiyarta ba ta kai fam biyar ba. A ran 26 ga Mayu 1932 alƙalai uku cikin biyar suka ba ta gaskiya. Alƙali Atkin ya ɗauko tambayar da masanin Attaura ya yi wa Yesu a kan ko wane ne maƙwabci, wadda ta jawo misalin Basamariye mai kirki. Ya ce a wurin shari'a maƙwabcinka shi ne duk wanda hankali ya nuna maka sakacinka zai iya cuta, ko ka san shi ko ba ka san shi ba. A kan wannan hukunci ne kotunan ƙasashe da yawa masu bin shari'ar Ingila suke tsayawa idan sakacin wani ya cuci wani.

Ƙarshen zamanin

Yau abubuwan nan sun sāke. An daina yi wa masu sarauta shari'a dabam a 1948. A 1999 aka fitar da yawancin masu kujerar gādo. A ƙarshen Yuli 2009 dattawa suka yanke hukuncinsu na ƙarshe, a ran 1 ga Oktoba na wannan shekara kuma sabuwar Kotun Ƙoli ta karɓi aikin.

Abin da littattafan akawunan suka nuna mana shi ne, adalci da zalunci duka ta ƙofar aikin kullum suke shiga. Wanda ya ce a ɗage zuwa baɗi bai ɗaga murya ba, bai zagi kowa ba, duk da haka jirage suka ci gaba da lodi. Waɗanda suka yi haƙuri suka saurari matalauciya a kan kwalba ɗaya kuwa, sun tsare mutanen da ba za su taɓa jin sunanta ba. Duk wanda aka ba kujera a wata majalisa, babba ko ƙarama, ya kamata kafin ya ce a bari sai wani zama, ya tambayi kansa wane ne yake jira a waje, me kuma jiran zai ci masa.