Yadda Wanzami Ya Zauna Daram a Ƙofar Asibiti

Tudun Wadar Zariya unguwa ce da zamanin Turawa ya haifa. Bayan sun kama Zariya a 1902, jirgin ƙasa kuma ya ratsa ta zuwa Kano a 1911, sai mutanen Kudu suka sauka a Sabon Gari, baƙi 'yan Arewa kuwa aka ba su Tudun Wada, a wajen ganuwar birni. Baƙo ya baro gonarsa da danginsa, amma in matarsa ta haihu ba makawa a yi suna ran bakwai, suna kuwa ba ya cika sai an yi wa jariri aski. Ta wannan ƙofa wanzami ya shigo da zabirarsa, kuma a ganina ita ce ta tsare masa gurbinsa har yau.

Mai tallar magani a kasuwa sai ciwo ya kama mutum yake nemansa. Wanzami kuwa gida yake da shi, ya gaji gidan daga ubansa kamar yadda ya gaji askar. Shi ke askin suna, shi ke yi wa yaro kaciya lokacin sanyi ya barbaɗa garin bagaruwa don miki ya bushe, shi ke kafa wa maigida ƙaho in jiki ya yi nauyi, ya kuma kawo sassaƙe da saiwoyi ga mai jego. Ladarsa ma ta biki ce: goro, hatsi, kuɗi, da kasonsa na ragon suna. Saboda haka da Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, ta mayar da asibitin Tudun Wada na koyarwa, likitoci sun karɓe masa marasa lafiya da yawa, amma ba su karɓe masa ranar suna ba. Har hedkwatar asibitin ta koma Shika a 2005, wanzamai na nan suna zaga gidaje da sassafe.

Masu suka suna cewa askar da ta taɓa jinin mutum goma tana iya yaɗa ciwon hanta da ƙanjamau, cire beli kuma yana jefa jarirai cikin zubar jini ba gaira ba dalili. Gaskiyarsu ce, kuma duk mai kishin sana'ar ya kamata ya riga kowa faɗa. Sai dai tarihin sana'ar ya nuna tana sauyawa in an taɓa ta ta hannun masu ita: tsagar gado ta ja baya ƙwarai a birni, wanzamai da dama sun koma sabuwar reza ga kowane mutum. Suna da shugabanci, Sarkin Aska na da ta cewa a kansu, kuma suna ganin jariri a makonsa na farko, lokacin da uwaye da yawa ba su kai shi rigakafi ba tukuna. Ma'aikacin lafiya da ya zauna da su kan batun beli da rigakafi zai isa ɗakunan da ba a buɗe wa baƙo.