Sabon shiga a hawan babur: Abin da doka ta tanada da abin da titin Kankiya ke buƙata

A Dudunni, ɗaya daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Kusada, kamar sauran karkarar tsakiyar Jihar Katsina, babur ne motar asibiti, shi ne motar kasuwa, shi ne kuma jarin farko na matashin da ya rasa aikin yi. Akasarin masu hawansa ba su taɓa zama gaban malamin tuƙi ba. Yaya ko aboki ne ke nuna wa mutum kuloci da giya a filin ƙwallo ko a bayan gari, idan ya yi kwana biyu bai faɗi ba sai a ce hannunsa ya faɗa. Daga nan sai ya hau titin Kano zuwa Katsina, wanda ya ratsa Gidan Mutum Ɗaya da Kankiya da Charanci, inda zai raba kwalta da tireloli da tankokin mai da motocin haya masu tseren lodi. Tsakanin filin koyo da wannan titi akwai ilimi mai yawa da babu wanda ya ɗauki nauyin koyar da shi.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa haɗurran hanya na kashe mutum miliyan 1.19 a kowace shekara, kuma su ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Yawancin sababbin mahaya babur a ƙasar Hausa suna cikin wannan rukuni.

Abin da doka ta ce

Dokokin hanya na ƙasa, waɗanda aka sabunta a 2012, sun wajabta wa mai tuƙa babur mallakar lasisi na rukunin A, kuma ba a bai wa wanda bai kai shekara 18 ba. Babur na buƙatar rajista da lamba da inshorar da ke biyan wanda aka yi wa ɓarna. Fasinja ɗaya kacal aka yarda a goya, shi da direba kuma dole su sa hular kwano. Iyakar gudun babur kilomita 50 ce a sa'a, a cikin gari da kan babban titi baki ɗaya. Wannan adadi na ƙarshe yakan ba mahaya dariya, domin kaɗan ne daga cikinsu suka taɓa jin sa.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a watan Fabrairun 1988, ta fara tilasta sa hular kwano a ranar 1 ga Janairu, 2009. Cikin kwanaki kaɗan kafofin labarai na duniya suka ɗauko labarin 'yan achaɓa a Kano da ke kifa ƙwarya ko bokitin fenti a ka domin su wuce jami'ai. Wasu fasinjoji sun ƙi hular saboda tsoron cutar fata, wasu kuma saboda jita-jitar cewa ana iya yin sihiri da ita. Ba a daɗe ba zafin kamen ya huce. Tarar da jadawalin hukumar ya daɗe yana ɗauke da ita kan wannan laifi naira 2,000 ce, kuɗin da a yau bai cika tankin babur ba.

Abin lura shi ne, galibi idan gwamnatocin Arewa suka tashi tsaye a kan babur, tsaro ne ke tayar da su. Gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta haramta achaɓa a birnin Kano a Janairun 2013, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero. A Katsina, dokar da Gwamna Aminu Bello Masari ya sa wa hannu a ƙarshen Agustan 2021 domin daƙile 'yan bindiga ta hana mutum uku hawa babur ɗaya, ta hana sayar da tsofaffin babura a kasuwar Charanci, ta kuma taƙaita zirga-zirgar 'yan achaɓa da dare. Dalilan waɗannan matakai sanannu ne. Sai dai sun ɗauki babur a matsayin kayan aikin ɗan ta'adda, ran wanda ke kansa bai shiga lissafinsu ba. Jihar na da hukumarta ta kula da zirga-zirga, KASSAROTA, amma matashin ƙauye ya fi haɗuwa da hukuma a shingen bincike fiye da a ajin koyarwa. Saboda haka nauyin kare kansa ya koma wuyansa.

Kai, gudu da birki

Hular kwano ce a gaba da komai. Ƙafar da ta karye tana ɗoruwa, ƙwaƙwalwar da ta bugu kuwa sau da yawa ba ta komawa yadda take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sa hular yadda ya kamata na rage haɗarin mutuwa fiye da sau shida, yana kuma rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa har zuwa kashi 74 cikin ɗari. Aikin hular yana cikin soson nan mai tauri da ke ƙarƙashin ɓawonta, wanda ke murƙushewa ya shanye bugun kafin ya isa ƙoƙon kai. Shi ya sa hular leburorin gini ba ta maye gurbinta, kuma wadda ta taɓa shan bugu mai ƙarfi ta gama aikinta ko da ba a ga tsagewa a jikinta ba. Idan ba a ɗaure igiyar haɓa ba, hular ce ke fara barin kai kafin mutum ya taɓa ƙasa. Ƙorafin zafi gaskiya ne, musamman a watan Afrilu, amma gumi ne iyakar cutarwarsa.

Sai gudu. Mai tafiya a kilomita 50 a sa'a yana cin mita 14 a kowace daƙiƙa, mai 80 kuma mita 22. Kafin ido ya ga akuya ta faɗo titi, hannu ya kai ga birki, daƙiƙa guda ta wuce ko fiye. Bayan an taka birkin ma, tazarar da mai gudun 80 ke buƙata kafin ya tsaya ta ninka ta mai gudun 50 sau biyu da rabi. Ƙananan babura irin su Bajaj Boxer da Jincheng da roba-roba an ƙera su ne domin juriya da tsimin mai, tayoyinsu sirara ne, birkinsu kuma ba na tsere ba ne. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.

Kuskuren da aka fi gadar wa ɗan koyo shi ne cewa birkin gaba yana kifar da mutum, don haka a bar shi. A kan busasshiyar kwalta birkin gaba ne ke yin kaso mafi yawa na tsayar da babur, wajen kashi 70 cikin ɗari, domin nauyi na komawa kan tayar gaba idan aka rage gudu. Wanda ya dogara da na baya kaɗai zai ja taya a ƙasa, babur ya ci gaba da tafiya. Daidai shi ne a haɗa su biyun, a matsa na gaba a hankali sannan a ƙara ƙarfi, ba a damƙe shi lokaci guda ba. A cikin yashi ko taɓo ko tsakuwar burji lamarin ya sha bamban: nan tayar gaba ke saurin zamewa, sai a sauko da giya tun daga nesa, a fi dogara da na baya, a riƙe totur daidai wa daida. Haka a kwana, ana rage gudu kafin a shiga, ba bayan babur ya kwanta ba. Matashin da ya taso a hanyar ƙauye ya san yashi, abin da bai sani ba shi ne kwalta, kuma wuri mafi haɗari gare shi shi ne mahaɗar da hanyar ƙauyen ke faɗawa babban titi.

Babbar mota tana da wuraren da direbanta ba ya gani: daf da gabanta, gefenta, da bayanta. Mahayin da ba ya hango fuskar direba a madubin motar ya ɗauka direban ma bai san da shi ba. Tirela mai shirin shan kwana takan buɗe zuwa ɗaya gefen tukuna, ratar da ta bari kuma ba hanya ba ce. A inda aikin faɗaɗa titin Kano zuwa Katsina ya mayar da motoci hannu ɗaya, aron hannu ya zama ruwan dare, don haka duban gefe ɗaya kafin tsallakawa bai wadatar ba.

Tun bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, dabarun tsimi sun ƙaru, ciki har da kashe inji a gangara da tafiya ba fitila. Man da fitila ke ci bai taka kara ya karya ba, kashe inji kuwa yana raba mahayi da ikon ƙara wuta ya kauce wa abin da ya taso masa. A hazon hunturu ko da rana fitila a kunne ta fi. Kafin fita kullum a duba iskar taya, birki biyu, sarƙa, baƙin mai da madubai, waɗanda wasu samari ke cirewa wai don ado. Silifa na zamewa daga kan birki, takalmi rufaffe ya fi. Bakin hijabi ko gyale ko babbar riga na iya naɗewa a tayar baya ya fizgo mai shi, don haka a tattare shi kafin a tashi. Ƙwayar Tramadol da wasu ke sha don jure doguwar rana tana rage saurin hankali, tana kuma iya jawo farfaɗiya a kan hanya.

Idan haɗari ya auku

Lambar gaggawa ta FRSC ita ce 122, ta ƙasa baki ɗaya kuma 112. Kafin taimako ya iso, a fara tsayar da motocin da ke tahowa. Kada a ɗaga wanda ya faɗi a zaunar da shi, kada a lanƙwasa wuyansa, kada a cire masa hula sai idan ta hana shi numfashi. Inda jini ke zuba a danne da tsaftataccen ƙyalle. Al'adar ɗura wa mai rauni ruwa tana da haɗari, domin ruwan na iya shiga huhu idan hankalinsa bai dawo ba, yana kuma iya jinkirta tiyata.

Wanda kansa ya bugu ya je asibiti ko da ya miƙe yana magana, saboda jini na iya taruwa a cikin kai na sa'o'i kafin ya nuna. Amai, barcin da ba a saba gani ba, ruɗewa, ko fitar jini ko ruwa ta kunne da hanci alamu ne na a garzaya. Babban Asibitin Kankiya na kusa da yankin, manyan raunuka kuma akan tura su Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Karayar da ƙashi ya huda fata ba ta mai ɗori ba ce, domin ɗaure ta da kara na iya ruɓar da ƙafar har a kai ga yankewa. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa kowane asibiti, na gwamnati ko mai zaman kansa, ƙin karɓar mai buƙatar kulawar gaggawa bisa kowane dalili, kuma wanda ya saɓa na iya fuskantar tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun.