Yadda Taliya Ta Shigo Tukunyarmu a Ɗan Issa

Wata ranar Litinin ina koyar da darasin kiwon lafiya a ajin 'yan shekara goma zuwa sha ɗaya, sai na ce kowa ya faɗi abin da ya karya kumallo da shi kafin ya zo lakwal. Hannuwa suka tashi. Wannan ya ce Indomie, wancan ya ce maka da mai, wata ta ce burodi da shayi. Da na zo kan wata yarinya da ke zaune a layin baya, sai ta sunkuyar da kai ta ce ba ta ci komai ba. Da aka tashi na kira ta gefe, don ba na son yaro ya zauna mini a aji da yunwa. Ashe ta ci, har ma ta ƙoshi. Ɗumamen tuwon gero ne da miyar kuka, kunya ce ta hana ta faɗa a gaban ƙawayenta.

Abin ya tsaya mini a rai, domin ni da ɗumame na girma, kuma ban taɓa jin an yi wa wani gori a kansa ba. Tun daga ranar na shiga tambayar tsofaffi da duba littattafai, ina son in gane yadda taliya ta shigo mana har ta kai yaro yana jin kunyar tuwon gidansu.

Abu na farko da na gano shi ne taliya ba baƙuwa ba ce kamar yadda muke zato. Masana harshe suna danganta kalmar da "iɗriyya" ta Larabci, kamar yadda "alkama" ta fito daga "al-ƙamh". A shekarar 1154 masanin ƙasa al-Idrisi ya rubuta cewa a garin Trabia na tsibirin Sisili ana yin iɗriyya mai yawa, ana loda ta a jiragen ruwa zuwa ƙasashen Musulmi da na Kirista. Wannan ya riga dawowar Marko Polo daga Sin a 1295 da fiye da shekara ɗari. Saboda haka labarin da wasu abokan aikina ke ba yara, wai Marko Polo ne ya kai wa mutanen Italiya taliya, tatsuniya ce, ya kamata mu daina faɗarsa a aji.

Mu kuwa ta hamada ta zo mana. Fataken Gadamas da Tarabulus da suka zauna a Katsina da Kano sun zo da cimarsu ta alkama, har yanzu kuma akwai unguwar Dandalin Turawa a birnin Kano, tun lokacin da Bahaushe ke kiran Larabawan arewa da Turawa. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, da ya bi ta Tasawa da Gazawa a farkon 1851 kan hanyarsa ta zuwa Katsina da Kano, ya tarar da su can suna kasuwanci. Masarautar Maraɗi kuwa zuriyar sarakunan Katsina ce ta kafa ta bayan jihadi, a farkon ƙarni na 19, don haka ba abin mamaki ba ne in cimar fadar Katsina ta biyo su nan.

Amma alkama ba ta son zafi. Sai da hunturu ake noma ta, a lambu, da ban ruwa. Abin da ake sha wa wannan wahala kuwa ba talaka ke cin sa kullum ba. Shi ya sa duk abincin alkama na gargajiya, alkaki da funkaso da gurasa da taliya, abincin biki ne da salla da saukar babban baƙo.

Na ga ƙarshen wannan zamani da idona. Kakata, Allah ya jiƙanta, ba ta yin taliya sai salla ta matso ko za a yi gara. Takan kwaɓa garin alkama da ruwa da ɗan gishiri, ya yi tauri, ta zauna da maƙwabtanta a kan tabarma suna gutsura suna murzawa da hannu, siriri-siriri, ana hira har la'asar. Sai a shanya a faifai, in ta bushe a turara a madambaci, a zuba man shanu. Yini guda na mata huɗu, abin da zai fito bai wuce akushi biyu ba. Mu yara ɗan loma ake sa mana a tafin hannu. Daga baya ƙaramin injin murza na hannu ya shigo, aikin yini ya koma na sa'a guda, aka fara ganin taliya 'yar murji rataye a igiya a tsakar gida, 'yan mata na tallarta da manja da yaji. Mata da yawa a unguwarmu da wannan inji suka yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki.

Ta kamfani kuwa ta ɓangare biyu ta shigo mana. Daga kudu, kamfanin Flour Mills of Nigeria da aka kafa a 1960, mai Golden Penny, da ire-irensa suka cika kasuwannin Kano da Katsina da Jibiya da fulawa, daga baya da sufageti, mu kuwa tsakaninmu da Jibiya taku kaɗan ne. Daga arewa, makaronin Aljeriya ya riƙa gangarowa ta Tamanraset da Arlit da Agadas. Ita taliyar nan ta minti uku, wani mutumin Japan mai suna Momofuku Ando ne ya ƙirƙiro ta a 1958. Indomie 'yar Indunusiya ce, a ƙarshen shekarun 1980 ta shigo Najeriya, aka kafa mata masana'anta a Ota ta jihar Ogun a tsakiyar shekarun 1990. Ke nan abin da yaranmu ke gani kamar da shi aka halicci duniya bai girmi iyayensu ba.

Ba na zargin matan da suka rungume ta. Wanda bai taɓa surfe da daka da tankaɗe ba shi ke cewa mata sun yi lalaci. Tuwon gero yana cin sa'o'i da itace mai yawa, itace kuwa ya yi tsada. Taliya minti goma ta nuna. Uwar da ke da tallar da za ta haɗa da yara biyar da za su tafi lakwal, lissafinta daidai ne.

Inda gizo ke saƙa shi ne alkamar ba tamu ba ce. Mafi yawan wadda Najeriya ke niƙawa daga ƙetare ake sayo ta, ɗan abin da ake nomawa a lambunan Abzin kuwa bai isa ko'ina ba. Mu mutanen bakin iyaka mun fi kowa sanin ma'anar haka. Gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, fulawa ta yi wuya har aka ɗage dokar a 1992. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, duk abin da ke zuwa daga waje ya tashi. A Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta har Disamban 2020. Yaƙin Rasha da Yukiren na 2022 ya ɗaga farashin alkama a duniya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka sake rufe iyaka sai cikin 2024. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan, a shagon unguwa muka fara jin sa kafin mu ji a rediyo. Gero kuwa, in damina ta yi kyau, yana rumbu, ba ruwansa da duwan. Ban manta 2005 ba, shekarar da geron ma ya gagara a jihar Maraɗi, amma wannan wani zance ne.

Na karanta cewa a Turai da Amurka akwai masu barin cin nama da gangan, har da littattafan girke-girkensu na taliya. Na yi murmushi. A nan ba wanda ya zaɓa. Nama ya yi tsada, 'yan bindiga kuma sun kore shanun ƙauyuka da dama a yankin Madarumfa, har nono ya ragu a kasuwa. Taliya ba nama ita ce taliyar yawancin gidaje. Matsalar ita ce yadda ake cin ta: fara fat, da mai da dunƙulen magi da yaji. Wannan cika ciki ne kawai. Yaron da ya karya da ita, kafin ƙarfe goma sha ɗaya ya fara hamma, mu malamai mun san su.

Maganin kuwa yana gonarmu. Talakawan Italiya da kansu da wake suka daɗe suna cin taliyarsu, kuma abin da hatsi ya rasa na gina jiki wake yana cike shi. A gidana, mai ɗakina takan dafa wake ya yi laushi tukuna, sannan ta kakkarya taliya ta zuba a cikin ruwan waken, ƙulli ɗaya ya ishe mu mu bakwai maimakon biyu. Ta soya albasa da tumatir da tattasai da daddawa a man gyaɗa, ta zuba. In za a sauke sai ta watsa dafaffen zogale, wanda ba ya yanke mana saboda lambunan Jiratawa, ko alayyafo, ko rama in lokacinta ne. Wata rana a barbaɗa ƙuli-ƙuli, wata rana a yayyanka awara a kai. Da kaka kabewa ake sawa, ta narke ta zama miyar da kanta. Yaran da ke ture kwaɗon zogale in an ba su shi kaɗai, a cikin taliya ba sa ko tsince shi.

Saura maganar abin da ya kwana. Iyayenmu sun gina ilimi guda a kan wannan. Tuwon dare ana yin sa da yawa da gangan don a samu ɗumame. Ƙanzon gindin tukunya a kankare, a shanya, a ajiye, ranar da babu a jiƙa shi a kwaɗa da ƙuli-ƙuli. Ko ruwan da aka jiƙa tukunya da shi na awaki ne. Taliya ta zo ba ta da wannan tsari, sai ka ga an kife ragowarta a bola saboda ta yi yauƙi. Ga ta da saurin lalacewa a zafin bazara, yawancinmu kuma ba firji. Abin da muka koya da gwaji shi ne: a raba taliyar da miyarta tun da dare, a ɗiga mata mai, a juye a faranti mai faɗi ta huce da wuri, a rufe da faifai. Da asuba a soya ta da albasa har ta yi zafi ciki da waje, ba a ɗan ɗumama ba. In akwai ƙwai biyu a fasa a kai, a bar ta ta kama kamar waina, a yanka wa yara su tafi da ita. Mutanen Napoli ma haka suke yi da tasu da ta kwana. Wadda ta canza wari kuwa, ko ta wuce kwana ɗaya, kada a ba yaro ko da an tafasa, don ba kowane dafin ƙwayar cuta wuta ke kashewa ba.

Mako biyu bayan wancan darasi na sake yin tambayar a aji, amma na fara da kaina. Na ce yau malaminku ɗumamen tuwon dawa ya ci da miyar kuɓewa busassa, kuma ya fi na jiya da dare daɗi. Aka yi dariya. Sannan na rubuta ɗumame da Indomie a allo, muka lissafa kuɗin kowanne na gida mai mutum bakwai, da naira da sefa, tunda duka biyun muke kashewa a nan. Da na ce wa ya ci ɗumame yau, hannu goma sha tara suka tashi. Na yarinyar nan ya tashi daga baya, rabi-rabi, tana kallon ta kusa da ita.