Tankin Ajiye Koto a Gida

Tankin ajiye koto ma'ajin ruwa ne da ake ginawa a cikin gida domin riƙe ƙananan kifaye da rai har ranar da masunci zai sa su a ƙugiya. Manyan kifaye masu farauta, irin su giwan ruwa da tarwaɗa, sun fi kai wa koto mai motsi hari, saboda haka lafiyar koto tana da hannu a yawan abin da fatsa za ta kama. Gininsa ɗaya ne da na tankin kiwon tarwaɗa da ya yaɗu a garuruwan Arewa, sai dai ya fi shi buƙatar kula da ruwa, domin ƙananan kifaye ba su da juriyar tarwaɗa.

Su a ƙasar Daura

Alal misali, Zango, wadda aka fi sani da Zangon Daura, ɗaya ce daga ƙananan hukumomi 5 na masarautar Daura, tare da Daura da Baure da Mai'aduwa da Sandamu, kuma tana iyaka da Jamhuriyar Nijar. Ƙasa ce mai rairayi inda damina ke ɗaukar kimanin wata 4, daga Yuni zuwa Satumba. Babu babban kogi mai gudu duk shekara, don haka su a yankin ya dogara ga madatsun ruwa irin na Sabke da Daberam, da tafkuna da kududdufai da ke cika da damina. Idan rani ya yi nisa waɗannan ƙananan ruwaye suna ƙafewa, koto ya yi wuya. Nan ne amfanin tanki yake: a kamo ƙananan ƙarfasa da kawara lokacin da suke da yawa, a ajiye su zuwa lokacin buƙata.

Gini

Ana amfani da bulo da siminti, ko tamfol da aka ɗaura a kan firam na katako ko ƙarfe, ko tankin roba mai cin lita 1,000 da aka yanke samansa. Na siminti ya fi daɗewa. Tanki mai tsawon mita 3 da faɗin mita 2, wanda ruwansa ya kai zurfin mita 1, yana ɗaukar lita 6,000, wato nauyin tan 6. Saboda wannan nauyi ake zuba kankare a daɓe, a yi amfani da bulo mai inci 9 a cike ramukansa da kankare, a sa rodi a kusurwoyi. Daɓen yakan ɗan karkata zuwa gefen da bututun fitar ruwa yake, domin datti ya taru can. Ana shafe ciki sumul, a kuma lanƙwasa kusurwoyi, don kada kifi ya goge jikinsa ya ji rauni.

Ba a zuba kifi a sabon tanki. Ɗanyen siminti yana sakin sinadari mai kaifi da ke ƙona fata da gaɓar numfashin kifi. Ana cika tankin a bar ruwa ya yi mako 1 zuwa 2, a zubar, a wanke bango, a maimaita kafin a gwada da kifi kaɗan.

Ruwa

Abubuwa uku ke kashe koto a tanki: ƙarancin iska, taruwar guba, da zafi.

Kifi yana shaƙar iskar oksijin da ta narke a ruwa, kuma ruwan ɗumi ba ya riƙe ta kamar na sanyi. A digiri 20 lita guda tana riƙe kimanin miligiram 9, a digiri 30 kuwa kimanin 7.5. Ruwan rijiyar burtsatse yakan fito da ƙarancin iska, shi ya sa ake barinsa ya zubo daga sama yana fantsama. Ruwan famfo mai kulorin ana barinsa a buɗe kwana guda. Ƙaramin injin hura iska mai aiki da sola yana ƙara wa ruwa iska ko da babu wutar lantarki. Alamar ƙarancin iska a fili take: da asuba a tarar da kifaye sun taso saman ruwa, baki a buɗe, suna haɗiyar iska, ba sa gudu ko an matso. Tarwaɗa tana da wata gaɓa da take shaƙar iskar sarari da ita, don haka tasowarta ba abin tsoro ba ce, amma ga ƙarfasa da kawara alamar halaka ce.

Gubar ita ce amoniya, wadda ke fita daga jikin kifi da ruɓaɓɓen abinci. Akwai ƙwayoyin halitta da ke zama a kan tsakuwa ko soson matata suna rage dafinta, amma sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su kafu. Kafin lokacin, magani shi ne sauya wani kaso na ruwan a kai a kai, ba duka a lokaci ɗaya ba.

A watannin bazara, Maris zuwa Mayu, zafin rana a ƙasar Daura yakan haura digiri 40. Rumfar zana ko inuwar bishiya tana kare tanki, raga a samansa kuma tana tare ganye da tsuntsaye. Da hunturu akan rufe shi da dare domin sanyi yana hana kifi kuzari.

Kula da koto

Cunkoso shi ne babban kuskure. Ana ware kifaye bisa girma, domin babba yana cin ƙarami. Abinci kaɗan ake bayarwa, tunda ba ƙiba ake nema ba, kuma ana dakatar da shi kwana guda kafin tafiya su don kada ruwan bokiti ya lalace a hanya. Sabon kamu ba a juye shi kai tsaye. Ana ɗan zuba ruwan tanki a bokitinsa har ɗuminsu ya zo ɗaya. Wanda ya mutu a cire shi nan take.

Ruwan da aka sauya yana ɗauke da taki, ana iya ba zogale ko alayyafo shi maimakon a sake shi a lungu, abin da ke da muhimmanci a garin da ake sayen ruwa. Tanki mai zurfin mita guda haɗari ne ga yara, don haka murfi ko shinge wajibi ne. Ragowar koto kuma ba a zuba shi a wani ruwa dabam da inda aka kamo shi, domin ta haka cuta ke ƙaura daga tafki zuwa tafki, ta shafi abincin kowane masunci da ke wurin.