Zauren da ya koma rumbu: Usenet, daga hirar ɗalibai zuwa manhajar cikin kwantena

A gidaje da yawa na Turai da Amurka akwai wata ƙaramar kwamfuta da aka ajiye a lungu, ba allo a gabanta, ba mai zama kusa da ita. Dare da rana wata manhaja a cikinta, SABnzbd ko NZBGet, tana tuntuɓar wata babbar kwamfutar ajiya da ke wata ƙasa, ta kwaso dubban gutsattsarin saƙonni, ta haɗa su, ta gyara waɗanda suka lalace a hanya, ta ajiye cikakken fayil. Mai gidan ya kafa ta ne da rubutun saiti da bai wuce layi ashirin ba, a cikin abin da ake kira kwantena. Da yawa daga masu yin haka ba su taɓa karanta saƙo ko ɗaya ba a tsarin da suke ɗebo kayan, wato Usenet, alhali kuwa don hira aka gina shi. Yadda zauren hira ya koma rumbun kaya, da yadda mai ɗebo kayan ya ƙare a cikin kwantena, labari ne guda, kuma duka rassansa biyu sun tsiro ne a 1979.

A wannan shekara ɗakin binciken Bell ya fitar da bugu na bakwai na tsarin Unix. Cikin abin da ya zo da shi akwai UUCP, wata hanya da kwamfuta za ta kira 'yar'uwarta ta layin tarho su yi musayar fayiloli. Wasu ɗalibai biyu na Jami'ar Duke, Tom Truscott da Jim Ellis, suka ga cewa da wannan za a iya yin allon sanarwa na haɗin gwiwa. Steve Bellovin na Jami'ar North Carolina ya rubuta manhajar farko, kuma a farkon 1980 aka gabatar da tsarin ga masu amfani da Unix. A lokacin ARPANET, kakar intanet, ta cibiyoyin da ke da alaƙa da binciken ma'aikatar tsaron Amurka ce, shi ya sa aka yi wa Usenet laƙabi da ARPANET ɗin talaka.

Tsarin ba shi da cibiya. Mutum ya rubuta saƙo a zauren da ya dace da batunsa, kwamfutar jami'arsa ta miƙa wa maƙwabciyarta, sau da yawa da dare lokacin da kuɗin waya ke da rahusa, ita ma ta miƙa gaba, har saƙon ya game ko'ina. Kowace kwamfuta tana riƙe kwafinta na 'yan kwanaki ko makonni, sannan ta share don samun wuri. A 1986 aka wallafa ƙa'idar NNTP, wadda ta ɗora wannan musayar a kan intanet, kuma da ita ake aiki har yau. A 1987 aka kammala sake tsara sunayen zauruka zuwa manyan rukunai bakwai, irin su comp na kwamfuta da sci na kimiyya da soc na al'umma, inda daga baya 'yan Najeriya mazauna ƙetare suka samu zaurensu, soc.culture.nigeria. Waɗanda suka ga dokokin buɗe sabon zaure sun yi tsauri, cikinsu har da John Gilmore da Brian Reid, suka buɗe rukunin alt, inda kusan kowa ke iya kafa abin da ya ga dama.

Darajar wannan zaure a zamaninsa ba ƙarama ba ce. A cikin watan Agusta na 1991 kaɗai, Tim Berners-Lee ya bayyana aikinsa na yanar gizo a alt.hypertext, sannan wani ɗalibi a Helsinki, Linus Torvalds, ya sanar a comp.os.minix cewa yana rubuta wani tsarin sarrafa kwamfuta na kyauta, wanda ya zama Linux. Amma daga 1993 zuwa 1994 kamfanonin kasuwanci, musamman AOL, suka buɗe wa miliyoyin masu biyan kuɗi ƙofa. A da, sababbin shiga kan zo ne a watan Satumba tare da sabon zangon karatu, a koya musu ladabin zaure cikin 'yan makonni. Yanzu kwararar ta ƙi tsayawa, har tsofaffin hannu suka sa wa zamanin suna Satumba marar ƙarewa. A Afrilun 1994 wasu lauyoyi biyu, Canter da Siegel, suka watsa tallar cacar bizar Amurka a dubban zauruka lokaci guda, aka buɗe babin tallar banza. Masu hira suka fara janyewa zuwa shafukan yanar gizo.

Abin da ya rage ya ci gaba da kumbura shi ne rukunin alt.binaries, inda ake aika fayiloli. A nan ne matsalar take, domin an gina Usenet don rubutu zalla, kuma kowane saƙo yana da iyakar girma. Duk dabarar da manhajar yau ke amfani da ita faci ce da aka yi wa wannan ramin. Tun 1980 akwai uuencode, wadda ke mayar da fayil ya zama haruffa, sai dai tana ƙara masa girma da fiye da kashi ɗaya bisa uku. A 2001 Jürgen Helbing ya fitar da yEnc, wadda ta rage wannan ƙarin zuwa kashi 1 ko 2 cikin ɗari. Babban fayil kuwa dole a yayyanka shi zuwa dubban saƙonni, kuma idan ɗaya ya ɓata a hanya, aikin duka ya lalace. Maganin wannan ya zo da fayilolin PAR, daga baya PAR2, masu amfani da lissafin Reed da Solomon, irin wanda ke sa faifan CD ya ci gaba da kiɗa ko da ya ɗan karce: ana aika ƙarin gutsattsari da za a iya sake gina abin da ya ɓata daga gare su.

Faci na ƙarshe shi ne ya fitar da mutum daga zauren. Kafin shi, mai neman fayil sai ya sauke kanun dubban saƙonni ya riƙa dubawa da idonsa. Wani shafi na Birtaniya mai suna Newzbin ya ƙirƙiro fayil ɗin NZB, wanda ba komai ba ne illa jerin lambobin shaidar saƙonnin da suka haɗu suka zama fayil guda. Da NZB a hannu, manhaja ba ta buƙatar shiga zaure ko karanta komai. Lambobi kawai za ta miƙa, a ba ta kaya. A kan wannan aka gina SABnzbd da harshen Python, da NZBGet da harshen C++, sannan wasu manhajoji irin su Sonarr da Radarr suka ɗauke ko da wahalar nema.

Ba a ɓoye take ba cewa kaso mai yawa na kayan da ke wannan rumbu finafinai ne da waƙoƙi da manhajojin da aka ɗora ba da izinin masu su ba. Manhajar saukewa ba haramtacciya ba ce a kanta, amma abin da ake saukewa da ita yakan zama satar fasaha. A Maris na 2010 babbar kotun Ingila ta samu Newzbin da laifin keta haƙƙin mallakar kamfanonin fim, kuma a Yulin 2011 ta umarci kamfanin BT ya toshe magajinsa, Newzbin2, wanda ya rufe a 2012. Tun 2008 wasu manyan kamfanonin intanet na Amurka suka rage ko suka daina bayar da Usenet, bayan matsin lambar babban lauyan jihar New York, Andrew Cuomo, kan hotunan cin zarafin yara da aka gano a wasu zauruka. Jami'ar Duke kanta ta kashe tata na'urar a Mayun 2010. Filin ya koma hannun kamfanonin da ake biya wata-wata, masu riƙe saƙonni na fiye da shekara goma maimakon makonni.

Reshe na biyu na labarin ya mayar da mu ga wancan bugu na bakwai na Unix, domin a cikinsa ne kuma aka samu chroot, umarnin da ke sa manhaja ta ɗauka cewa wani ƙaramin sashe na ma'ajiyar kwamfuta shi ne duk duniyarta. Wannan tunani ya daɗe yana girma a hankali. FreeBSD ta faɗaɗa shi a 2000, injiniyoyin Google suka rubuta hanyar ƙayyade wa kowace manhaja rabonta na ƙarfin kwamfuta, aka shigar da ita cikin Linux a 2008. A Maris na 2013 Solomon Hykes ya nuna Docker, wadda ta haɗa waɗannan dabaru ta yadda kowa zai iya amfani da su. Ana kwatanta ta ne da kwantenar jiragen ruwa da Malcom McLean ya fara lodi da ita a 1956: mai ɗauka ba ruwansa da abin da ke ciki, muddin akwatin ya dace da ma'auni.

Dalilin da ya sa manhajar saukewa ta dace da kwantena a fili yake ga wanda ya bi tarihin facin nan. SABnzbd ba ta aiki ita kaɗai. Tana buƙatar Python na wani bugu, da manhajar gyara PAR2, da ta kwance fayilolin RAR. A da, sabunta ɗaya daga cikinsu kan iya karya sauran. Kwantena tana ɗaure su duka a ƙunshi ɗaya. Tana kuma taƙaita abin da manhajar ke iya gani, abu mai amfani ga mai karɓar kaya daga baƙin da bai sani ba, kodayake ba katanga ce cikakkiya ba, tun da duk kwantenonin suna tarayya da uwar kwamfutar a zuciyar Linux ɗaya. Mai kafawa yakan buɗe mata ƙofa guda ta sarrafawa, 8080 ga SABnzbd ko 6789 ga NZBGet, ita kuma ta fita ta ƙofa 563 idan ana son haɗin ya zama a ɓoye. Sai ya ware mata wurare biyu a wajen kwantenar, ɗaya na saiti ɗaya na kaya, domin duk abin da aka bari a ciki yana tafiya da ita ranar da aka maye gurbinta da sabuwa. Kuskuren da ya fi yawa shi ma gadon Unix ne: idan lambar mai amfani ta cikin kwantena ta saɓa da ta waje, manhajar za ta sauke fayil ta kasa ajiye shi, ko ta ajiye mai gidan ya kasa buɗewa.

Haka aka zagayo: Linux da aka yi shelarsa a wani zauren Usenet shi ne yanzu ke ɗauke da kwantenar da ke ɗebo kaya daga Usenet. Hirar kuwa ta koma gidajen kamfanoni, inda mai gida ke iya rufe ƙofa duk ranar da ya so, kamar yadda aka rufe GeoCities a 2009 da Google+ a 2019. Ita ma Google, wadda ta sayi taskar tsofaffin saƙonni ta Deja News a 2001, ta daina karɓar sababbin saƙonnin Usenet a ranar 22 ga Fabrairun 2024. Amma tsarin bai mutu ba, saboda ba mai shi balle ya kashe shi. Har yanzu akwai masu sa kai da ke riƙe da zaurukan rubutu kyauta, ɗaya daga cikinsu ma sunanta Eternal September, kuma duk mai manhajar karanta NNTP zai iya shiga ya yi sallama, ya tarar da 'yan tsirarun da ba su tashi ba.