Lindisfarne: Tsibirin da teku ke rufe wa hanya sau biyu a rana

Lindisfarne, wanda mazauna yankin suka fi kira Holy Island, wato Tsibiri Mai Tsarki, ƙaramin tsibiri ne a gaɓar Tekun Arewa, a gundumar Northumberland da ke arewa maso gabashin Ingila, kusa da iyaka da Scotland. Tsawonsa daga gabas zuwa yamma bai kai kilomita 5 ba, faɗinsa kuwa kimanin kilomita biyu da rabi. Ƙidayar 2011 ta nuna mutum 180 ne ke zaune a cikinsa, amma baƙin da ke ziyartarsa a shekara sun haura rabin miliyan.

Yana cikin jinsin tsibiran da ba kullum suke tsibiri ba. Idan teku ya janye, sai fili na yashi da laka ya bayyana, a shiga da mota ko da ƙafa. Idan ya dawo, sai hanya ta nutse, tsibirin ya yanke daga sauran ƙasa na tsawon sa'o'i.

Yadda ruwan ke zuwa ya koma

Ƙarfin jan da wata ke yi wa ruwan teku, tare da taimakon na rana, shi ke sa teku ya cika ya janye sau biyu a cikin kusan sa'o'i 25. Don haka lokacin rufewar hanya na yau ba ya zama na gobe. Kullum yana matsawa gaba da kusan minti 50. Cikar ta fi tsanani a kwanakin tsayuwar wata da kuma lokacin da ya cika da'ira a tsakiyarsa. Iska mai ƙarfi daga teku kan ƙara tura ruwan, ya riga lokacin da aka lissafa.

An shimfiɗa titin mota zuwa tsibirin a 1954. Kafin nan, kuma har yau ga masu ziyarar ibada, akwai tsohuwar hanyar ƙafa ta kusan kilomita 5 a kan yashi, wadda aka yi wa alama da dogayen sanduna. Majalisar gundumar Northumberland na wallafa jadawalin sa'o'in da za a iya ƙetarewa lafiya, an kuma kafa alluna na gargaɗi a bakin titin. Duk da haka kowace shekara sai an samu direbobin da suka ga ruwa iya idon sawu suka ce za su wuce. Saboda irinsu aka gina 'yan ɗakunan katako a kan dogayen ƙafafu, inda wanda ruwa ya ritsa da shi zai hau ya jira masu ceto, motarsa kuwa sai yadda ta yiwu.

Rayuwar ƙauyen gaba ɗaya a kan wannan jadawali take tafiya. Zuwa asibiti, kawo kaya shago, kai wasiƙa da tafiyar yara makarantar da ke tsallake, duk sai an duba lokacin ruwa tukuna.

Ƙasa da yanayi

Mafi yawan tsibirin shimfiɗaɗɗe ne. Arewacinsa da dogon hancin da ya miƙe yamma, wanda ake kira Snook, jigawa ce ta yashi wadda wata doguwar ciyawa mai zurfin saiwa ke riƙewa kada iska ta kwashe. A kudu akwai wani baƙin dutse mai tauri da ya samu daga narkakken dutsen cikin ƙasa, kuma a kan tsauninsa aka gina ganuwar tsaro a wajajen 1550. Akwai farar ƙasa, wadda aka riƙa gasawa ana fitarwa a ƙarni na 19. Murafun gasa ta suna nan tsaye a gindin ganuwar.

Teku ne ke daidaita yanayin wurin. Zafin bazara ba ya cika wuce digiri 20 a ma'aunin Selsiyas, hunturu kuma bai kai tsananin na tsaunukan cikin ƙasa ba, ƙanƙara ba ta daɗewa a ƙasa. Ruwan sama bai kai na yammacin Birtaniya ba, domin gajimaren da ke tasowa daga Tekun Atilantika kan zubar da yawancin ruwansa a kan duwatsu kafin ya iso gabas. Abin da ya fi damun mazauna shi ne iska, da kuma wani hazo mai sanyi da laima da ke tasowa daga teku a bazara ya lulluɓe hanya farat ɗaya. A watan Yuni hasken rana na kai sa'o'i 17, a Disamba kuwa da ƙyar ya kai bakwai.

Tsuntsaye da sauran halittu

Arzikin Lindisfarne na gaske yana cikin lakar da baƙo zai raina. Filin da ruwa ke rufewa yana buɗewa cike yake da tsutsotsi da ƙananan dodon koɗi da wata ciyawar teku, kuma wannan ne abincin dubban tsuntsayen da ke yin hunturu a nan. A 1964 aka ayyana yankin a matsayin gandun kare halittu na ƙasa, mai faɗin fiye da hekta 3,500, yana kuma cikin jerin dausayin da yarjejeniyar Ramsar ta amince da muhimmancinsu, jerin da dausayin Haɗeja-Nguru ma yake ciki.

Mafi shahara a cikinsu wata ƙaramar dinya ce mai farin ciki da ake kira brent, wadda ke ƙyanƙyasa a tsibiran Svalbard na Norway, can kusa da ƙuryar arewacin duniya. Takan iso a watan Satumba ta koma kafin bazara. Lindisfarne ne kaɗai wurin da wannan zuriya ke sauka a kai a kai a Birtaniya, sauran kuma su nufi Denmark. Ma'anar haka a fili take: idan ciyawar tekun wannan 'yar kusurwa ta lalace, kaso mai yawa na zuriyar ne zai rasa abinci. A bazara kuma wasu ƙananan tsuntsayen teku masu cin kifi kan zo su yi ƙwai a kan tsakuwar gaɓa, bayan sun yi hunturu a gaɓar Afirka ta Yamma. Ƙwansu ya saje da ƙasa, shi ya sa kare ɗaya da aka sake ko mai yawo da bai lura ba kan iya watsa sheƙa.

A kan tudun yashin da ke tsakiyar ruwa, dabbobin teku masu shayarwa da ake kira sil kan kwanta ɗaruruwa, kukansu na kaiwa cikin ƙauye da dare. Cikin jigawar kuma akwai baƙon tsiro mai suna pirri-pirri, ɗan asalin New Zealand, wanda ake kyautata zaton ya shigo ne maƙale a ulun tumaki. Yana kama tufafi da gashin dabba kamar ƙarangiya, yana kuma danne tsirran asali.

Rikicin hana kamun kifi

Tsibirin ya daɗe da suna a tarihi. A wajajen 635 wani malamin Kirista mai suna Aidan ya kafa gidan ibada a nan, kuma harin da maharan Viking suka kai masa a 793 ne masana tarihi da dama ke ɗauka farkon zamaninsu. Amma abin da ya dawo da shi cikin labarai a baya-bayan nan siyasar muhalli ce.

A 2022 ma'aikatar muhalli ta Birtaniya ta sanya ruwan da ke kewaye da Lindisfarne cikin wurare biyar da take son mayarwa yankunan teku masu cikakkiyar kariya, inda za a haramta kowane irin kamun kifi. Masuntan tsibirin kaɗan ne, ƙaguwa da babban jatan lande suke kamawa da tarkon kwando a ƙananan jiragen ruwa. Sai dai a ƙauye mai mutum ƙasa da 200, waɗannan iyalai ne ke da yara a makarantar firamare, su ne kuma ke cikin masu kai ɗauki idan haɗari ya auku lokacin da hanya ke rufe. Mazauna, har da limamiyar cocin tsibirin, suka ce hana su sana'a daidai yake da tashin ƙauyen. Hujjarsu na da ƙarfi, domin tarkon kwando ba ya yi wa ƙasan teku ɓarnar da jan koma na manyan jirage ke yi, kuma an tsara shirin ne daga nesa kafin a zauna da su.

A watan Fabrairun 2023 gwamnati ta janye Lindisfarne daga jerin, ta ci gaba da wurare uku daga cikin biyar ɗin. Ba a warware sauran matsalolin ba: murar tsuntsaye ta kashe dubbai a tsibiran Farne da ke maƙwabtaka a 2022, tekun da ke kewaye da Birtaniya kuma ya ɗaga da fiye da santimita 15 tun daga 1900, a wurin da titinsa guda ɗaya tal yake kwance daidai da yashin da ruwa ke rufewa.