Gado Ma Yana da Tarihi: Daga Kara Zuwa Ƙarfe a Ƙasar Kano

Gabatarwa

Duk ɗalibin Hausa ya san kalmomin nan biyu da rubutu ya haɗa su, amma furuci ya raba su, wato gado na kwanciya da gado na magada. Na farkon gajeren wasali gare shi a gaɓar farko, na biyun kuwa dogo. Abin da nake so in nuna wa mai karatu a wannan ɗan rubutu shi ne, gadon kwanciyar ma abin gado ne, domin wanda ya dube shi da idon basira zai karanta tarihin talakan ƙasar Kano a jikinsa. Zan fi ba da ƙarfi ga ƙauyukan arewacin Kano, irin su ƙasashen Ɗambatta da Bichi da Minjibir, inda ni ma na fito.

Gadaje Masu Suna

Wasu al'ummu sun daɗe da gane darajar gadajensu. A shekarar 1922 da Howard Carter ya buɗe kabarin Fir'auna Tutankhamun a Masar, ya tarar da manyan gadaje uku masu ruwan zinariya, an sassaƙa su da siffar dabbobi, har da wani ƙarami mai naɗewa na tafiye-tafiye. A Ingila kuma akwai gadon garin Ware, wanda aka yi wajen shekarar 1590. Faɗinsa ya haura ƙafa 10, Shakespeare ma ya ambace shi a wani wasansa, ga shi nan a gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan. Shi kuwa Sarkin Faransa Louis na 14, tashinsa daga gado kowace safiya a fadar Versailles zaman fada ne sosai, sai wane da wane ke samun shiga.

Wannan na ƙarshe ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe. Ai mu ma in an naɗa sarki cewa muke ya hau gado, kuma har yanzu gadon sarauta muke kiran karagar mulki. A fadar Kano ma akwai Kilishi, wanda shimfiɗar sarki ke hannunsa. To, amma gadajen sarakuna suna da masu yi musu kirari. Na talaka ne ba su da maroƙi.

Gadon Kara

Ƙasar da ke kewaye da birnin Kano ta yi suna wajen yawan jama'a. Gona tana manne da gona, ba a barin saura ta huta, kowace shekara sai an kai taki a mangala an noma ta. Masana irin su Michael Mortimore da Polly Hill sun yi rubuce-rubuce a kan wannan. A irin wannan wuri itace ba na banza ba ne. Kowace ɗorawa ko tsamiya ko kuka da ke gona da mai ita, kuma amfaninta a tsaye ya fi amfaninta a sare. Don haka manomi ya koma ga abin da gonarsa ke ba shi kyauta bayan girbi, wato karan dawa.

Da kara ake danga, da shi ake girki, da shi kuma ake gado. Akan zaɓi masu kauri, a kankare su, a yanke su daidai wa daida, a jera sahu a tsaye sahu a kwance, a ɗaure da igiyar rama, sa'an nan a shimfiɗa tabarmar kaba a kai. Gara da kuɗin cizo ba sa barinsa ya daɗe, amma ba a damu ba, kaka na zuwa. Mai ɗan hali shi kan sayi gadon tukurwa, wadda ake kawowa daga kudu inda ruwa ya wadata.

Gadon Ƙasa

A ganina, duk cikin gadajenmu babu mai ban sha'awa kamar gadon ƙasa. Gina shi ake yi a jikin bango, a bar rami a ƙarƙashinsa da 'yar ƙofa, a shafe samansa sumul. In hunturu ya kankama sai a zuba garwashi a ramin, tsoho ya kwana cikin ɗumi. Mutanen arewacin Sin suna da irinsa da suke kira kang, kuma sun rubuta tarihin nasu.

Babban aikin wannan gado shi ne gasa maijego. Mace in ta haihu, takan yi kwana 40 tana wankan tafasasshen ruwa safe da yamma da ganyen runhu ko na darbejiya, ta sha kunun kanwa, ta hau gadon da aka hura wa wuta. Dalilin iyayenmu shi ne tsoron sanyi, domin a wurinsu shi ke shiga ɗanyen jiki ya kawo kumburi.

Wannan gado ya shiga littattafan likitanci na duniya. Likitoci biyu a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, sun buga nazarinsu a 1978 a kan mata 224 da suka kamu da ciwon zuciya bayan haihuwa a Zariya. Sun ɗora zargi a kan zafin gado da na wanka, da kuma gishirin da ke cikin kanwa, wanda ke tara ruwa a jiki har zuciya ta gaza. Sai dai magana ba ta tsaya nan ba. Wani bincike na faɗin Nijeriya da Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ya jagoranta, wanda aka buga a 2020, bai sami wata alaƙa tsakanin ciwon da wankan ko kunun ba. Abubuwan da ya gano sun haɗa da rama, da rashin ilimin boko, da rashin aikin yi, da hawan jini lokacin goyon ciki. Ashe ke nan wanda ya rushe gado ya bar yunwa bai gama aiki ba. Duk da haka, ƙunar wuta da ta ruwan zafi gaskiya ce, kuma maijegon da ƙafarta ta kumbura ko numfashinta ke sarƙewa asibiti ya kamata a kai ta, kada a ƙara mata garwashi.

Gadon Ƙarfe

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa kuma ya buɗe daga 1912. Kuɗi suka fara shiga hannun manomi, kayan kanti suka bi sawu. Sannu a hankali gadon ƙarfe ya baro birni ya shigo ƙauye, har sunan Vono ya zama kamar sunan gadon kansa. Daga nan aka shiga yayin gado mai rumfa, a jibga masa katifu da matasai har sai amarya ta taka wani abu kafin ta hau, ga jeren tasoshi da kwanonin samira a gefe. Sau da yawa ma ba a kwana a kansa, na ado ne, tabarma ake shimfiɗawa a ƙasa. Bayan kuɗin Udoji na 1975 sai gadon katako mai fomeka ya ture shi.

A nan ne gado ya zama nauyi. Kayan ɗaki a wuyan uban amarya suke, kuma na kara da kansa yake ɗaurawa, na ƙarfe kuwa sai da kuɗi. A ƙasar da gona ta riga ta ƙanƙance saboda rabon gado, uba ya kan jinginar da ita don kada 'yarsa ta sha gori wurin kishiya ko dangin miji. Ka ga gadon kwanciya ya cinye gadon magada. Shi ya sa da gwamnatin Jihar Kano ta fara aurar da zawarawa a 2012, gado da katifa suna cikin abin da ta ɗauke wa iyaye.

Kammalawa

Gadon Fir'auna ya yi shekara fiye da 3,000 bai lalace ba. Namu kuwa gara ta ci na kara, ruwan sama ya narkar da na ƙasa, 'yan gwangwan sun auna na ƙarfe a sikeli. Abin da ya rage yana bakin tsofaffi. Saboda haka ina kira ga 'yan wannan ƙungiya, in an tafi hutu kowa ya zauna da kakarsa ko ungozomar garinsu, ya tambayi sunayen sassan gado, da wanda ke gina shi, da irin gadon da aka yi mata jere da shi, da shekarar. A rubuta, a zana, a ɗauki hoto, a kawo wa malamanmu. In ba mu yi ba, jikokinmu za su san gadon Ware, su rasa sanin wanda aka haifi kakansu a kai. Allah ya sa mu dace, amin.